Ɓarayin Takin Ɗangana

Ɗangana taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Shi ma in ya samu mai sauraronsa, ya je ya faɗi nasa a kaina.

Shekara goma sha bakwai ya yi a Abijan, a wani wurin sayar da katako. Mu a ƙauyenmu na kusa da Tamaske mun ɗauka babban ma'aikaci ne, don duk hoton da ya turo yana sanye da doguwar riga shuɗiya da takalmin roba har gwiwa. Sai da ya dawo muka san aikin nasa, wato feshin gara. Safe da yamma yana zagaya tarin katako da pompo a baya, in ya ga ƙasa ta fara hawa jikin itace ya fesa mata magani. Yana alfahari da wannan aiki kamar wanda ya je yaƙi ya dawo. Ranar da ya yi sallama, mai gidansa ya ba shi pompon kyauta, ya haɗa masa da jarkar magani guda. Da su ya sauka daga mota, da gwiwa mai ciwo, da rantsuwar ba zai sake komawa ba.

Dalilin rantsuwar ƴarsa ce, Mubaraka. Shekararta takwas, kuma sau biyu kacal ta taɓa ganinsa. Da ya shigo gida ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, sannan ta je ta ce wa uwarta baƙon Abijan yana tambayar buta. Tun daga ranar sunan ya zauna a bakinta. An yi faɗa, an yi lallashi, an sayo alewa, ta karɓi alewar ta ce ta gode wa baƙon Abijan. Ɗangana yana dariya a gaban mutane, amma ni na san abin yana cinsa ƙwarai, don na taɓa iske shi a bayan gida yana share ido da hula.

To, zama gida sai da abinci. Gonakin kwari na gadonsu ƴan'uwansa sun riƙe su tun da daɗewa, kuma bakunan da ke ci a cikinsu sun yi yawa. Abin da ya rage masa fako ne a kan tudu, ƙasa ja mai tauri wadda ko akuya ba ta tsayawa a kanta, tana iyaka da tawa gonar daga gangare. Matarsa A'i ba mai yawan magana ba ce. Ta ɗauki gawayi, ta hau tsani, ta shiga cikin rumbunsu ta ja layi a jikin bango.

"Malam, ka ga zanen ga?" ta ce masa. "In hatsi ya kawo nan bana, muna kai wata damana. In bai kawo ba, sai ka koma, don ba ni iya dahwa rantsuwa."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ita ta riƙe gidan shekara goma sha bakwai, ta san abin da cikin mutum biyar ke ci.

Ni na koya masa tassa, tunda ni ma gonata fako ce kafin in gyara ta. Tassa ba wani abin mamaki ba ce. Da bazara, tun kafin ruwa, za ka haƙa ƴan ramuka masu faɗin ƙwarya a jere, ka tara ƙasar da ka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, ka zuba taki cikin hannu biyu a kowane rami, ka tafi gida ka jira. Na nuna masa sau uku. Ya ce ya gane tun na farko, ya bar ni ne kawai in motsa jiki.

Gaskiya ya yi aiki. Wata biyu yana sarar ƙasar nan da kalme, gwiwa na ƙara, rana na dukansa, har ramukan suka rufe fakon daga gabas zuwa yamma. Wahalar ta zo wajen taki, don awaki biyu kawai gare su, su ma masu rowa. Sai ya koma bin dabbobin mutane. Da hantsi za ka gan shi a bakin rijiya da tsohon kwano, yana tsaye bayan shanun Fulani yana kallon wutsiya. In saniya ta ɗaga wutsiya ya matsa, in ƙuda take kora ya ja da baya yana tsaki. Ya bi raƙuman wani Buzu har kusa da hanyar Keita. Ya yi faɗa da buzuzu a kan kashin jaki, ƙwaron yana mirgina nasa dunƙulen, shi kuma yana ce masa ya ajiye, shi ya riga gani. Kowane rami ya samu hannu biyu cif, ya kuma san fuskar takin kowane layi: wannan na raƙumi ne, wannan na tumakin liman.

Bayan kwana goma sha biyar ya je duba gona, ya tarar taki ya ragu. Ya koma bayan kwana uku, ya ƙara raguwa. Wasu ramukan ma ba komai a ciki sai wani ɓawon ƙasa da ƴan tsinkaye. Bai tambayi kowa ba. Ya duba sawu, ya ga na jakina a kan iyaka, inda jakin ke bi kullum tun yana ɗan aholaki. Ya tuna gerona yana kyau kowace shekara. Ya haɗa wannan da wancan, ya wuce kai tsaye gidan mai gari.

Ina tsakar daka aka zo kirana. Na iske mai gari Abdallah a gindin itacen bedi da dattawa, ga Ɗangana a tsugune ya sha mur, ga rabin gari sun taru, don an ji ƙarar ta taki ce.

"Habsa," in ji mai gari, "taubashinki ya ce kina kwashe mishi taki. Mi kic ce?"

"Ranka shi daɗe, wane iri? Na raƙumi ko na tumaki? In san wanda ni ka amsawa."

Aka yi dariya. Ɗangana bai yi ba.

"Ranka shi daɗe, ba wasan taubasai na kawo ba," ya ce. "Takin ga nau na, da ƙahwata na biɗo shi. Hannu biyu-biyu na zuba. Yanzu babu. Taki ba shi da ƙahwa, kuma ga sawun jakinta."

A nan na daina dariya. Ba taki yake gani a ramukan nan ba, layin gawayin A'i yake gani. Amma haushi ma ya kama ni. Ni da na koya masa aikin, ni zan tashi in bi rami dubu ina tsintar kashin tumaki?

Mai gari ya ce shari'ar gona a gona ake yin ta. Muka ɗunguma har kan tudu, tsofaffi na haki, mata na biye da goyo. Da muka isa ya sa sandarsa a wani rami, ya ɓantare ɓawon ƙasar nan da ya rufe takin. Sai ga su, farare ƙanana, suna ta gudu suna shigewa cikin ƴan ƙofofi.

"Ga ɓarayinka," ya ce. "Gara ta."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ɗangana ya ja da baya, ya dafe ƙirji, ya daɗe yana kallon ramin.

"Sun biyo ni," ya ce a hankali. "Tun daga Abijan sunka biyo ni."

Mai gari ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya zauna a kan dutse ya yi masa bayani kamar mai koya wa yaro alwala. Ya ce takin nan don gara ake zuba shi tun farko. Ita ke jin ƙanshinsa ta taso daga ƙasa, ta huda fakon da kalme bai iya hudawa, ta ja takin zuwa ciki inda saiwa za ta same shi, ta turo ƙasa mai laushi sama. In ruwa ya zo, ta ƙofofinta yake shiga. Ya nuna masa gawon da ke tsakiyar gonata, ya ce ya dubi yadda ƙasar gindinsa ta yi baƙi saboda ganyen da yake zubarwa da dabbobin da ke shan inuwarsa. Ya ce ko buzuzun da ya yi faɗa da shi, binne taki yake yi kyauta. Wani tsoho ya tuna masa kakanmu, wanda tun kafin ya kama salla ba ya wuce suri bai jefa masa karan dawa ba, bayan ya kama sallar ma bai daina ba, dalilin kawai ya daina faɗi.

Ɗangana ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙe ya kakkaɓe wando.

"Ranka shi daɗe, kun san gona, ban musa ba. Amma gara ni na san ta. Shekara sha bakwai muna tare. Na ga ta cinye ƙyaure, na ga ta cinye kujerar patoro, mai gidana, shina zaune bisa. Abin da ac cin kujera ba shi gyara gona."

Bai ba ni haƙuri ba. Ya ce wai an sallame ni ne saboda rashin shaida.

Washegari ya fito da shuɗiyar rigarsa da takalmin roba, ya goya pompo. Ya fara daga gabas. Kowane rami sai ya durƙusa ya kwashe sauran takin ya zuba a buhu, sannan ya fesa wa ramin magani. Buhunan kuwa bai ajiye su a ƙasa ba. Ya kafa musu gado na itace mai ƙafa huɗu, kamar yadda ake ajiye katako a Abijan, ya tsoma kowace ƙafa cikin gwangwanin tumatir cike da baƙin mai, ya jera buhunan a sama, ya lulluɓe su da tabarma. Mutane suka riƙa zuwa kallo. Wata tsohuwa ta tambaye shi ko amarya za a kawo. Awaki suka zo suka shinshina, suka gane kayansu ne, suka juya.

Na je na same shi a rana ta huɗu. Na yi niyyar zagi, amma da na ga yadda yake jan ƙafa sai na sassauta.

"Kai Ɗangana, bari hakanan. Abincin ɗiyanka ka ka kashewa."

"Ke dai ki tsare jakinki," ya ce.

Na je wurin A'i. Da na yi mata magana ta ce layin yana nan inda ta ja shi, bai hau ba, bai sauka ba.

Abu biyu suka ceci rabin gonar. Maganin ya ƙare daidai tsakiya, gwiwarsa kuma ta kumbura ta kwantar da shi kwana shida. Yana kwance yana shirin aika a sayo masa wani magani ranar kasuwar Tamaske, sai hadari ya taso daga gabas da la'asar. Ruwan farko ne, irin mai zuwa da fushi. Ina tsaye a bakin gonata da buhu a ka, na ga komai da idona. A rabin yamma, inda garar ta ci karenta ba babbaka, ruwa na cika rami sai ya nutse, ya sake cika ya sake nutsewa. A rabin gabas ramukan suka cika suka tsaya cak, suka tumbatsa, ruwan ya haɗu ya gangaro. Ya iske gadon taki a hanya. Gwangwanayen suka fara tafiya, ƙafa ɗaya ta zame, gadon ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, buhunan suka faɗo suka fashe. Takin wata biyu, na raƙumi da na shanu da na tumakin liman, ya biyo ruwa ya tsallake iyaka ya baje a gonata.

Na yi dariya har na zauna cikin taɓo. Daga baya na tuna layin gawayi, dariyar ta tsaya.

Aka yi shuka. Gero ya tsiro ko'ina, Ɗangana ya fara cewa ai ga shi nan, ba bambanci. Sai ruwa ya ɗauke kwana goma sha takwas. A rabin gabas ƙasar ramukan ta daskare ta tsage, tsiron ya yi ja, ya kwanta. A rabin yamma ya ɗan lanƙwashe da rana, da safe ya miƙe. Wata ranar na hango shi durƙushe a wurin, ya tura hannu cikin wani rami. Ƙasar da a da kalme ke tsalle a kanta, yatsunsa suka shige ta har wuyan hannu, ya fito da ita da danshi, duk ƴan ƙofofi, har da tana guda tana motsi. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Da ya lura ina kallonsa sai ya yi kamar ƙaya yake cirewa.

Da kaka rabin yamma ya ba da gero mai kyau, zangarniya kamar hannun yaro. Rabin gabas ya ba da abin da jaki ɗaya ya ɗauka bai ko yi nishi ba. Aka ɗaure dammuna, aka jera a rumbu, A'i ta hau tsani ta leƙa. Da ta sauko, Ɗangana ya hau da kansa, ya auna da hannu. Saura kamu ɗaya hatsi ya kai layi. Ya sauko, ya sake hawa, ya sassauta jerin dammunan don su ƙara tsawo. A'i ta ce masa iska ba ta tuƙuwa.

Ranar ya fito da tsohuwar jakarsa ya fara ninke shuɗiyar riga. Mubaraka tana bakin ƙofa tana kallo. Ta tambayi uwarta ko baƙon Abijan zai koma gidansu ne. A'i ce ta ba ni labari, ta ce bai ɗago kai ba, riga ɗaya ya yi ta ninkewa yana warwarewa.

Ni kuwa a gonata akwai wani zirin wuri, daga iyaka zuwa gindin gawo, inda gero ya fi ni tsawo, ya yi baƙi-ƙirin don ƙarfi. Duk wanda ya wuce ya san dalili. Na sa aka yanke shi daban, aka ɗaure daban, na ɗora wa jakin nan da aka zarga, muka yi sawu uku zuwa ƙofar mai gari. Na ce a kira mini Ɗangana.

"Ranka shi daɗe, ƙarar da anka kawo bisa kaina da bazara, na zo a tashe ta," na ce. "An iske kayan sata hannuna. Ga su nan, sun dai sake kama."

Ɗangana ya dubi dammunan, ya dube ni.

"Ba ni son sadaka, Habsa."

"Wa ab ba ka sadaka? Kai kac ce takinka na gonata, gaban mutane kac ce. Yanzu ka ce ƙarya ka yi?"

Mai gari ya shafa gemu, ya ce shi dai a iya saninsa mai ƙara ya yi gaskiya, wadda ake ƙara ta amsa laifi, abin da ya rage a mayar wa mai kaya kayansa. Ya ƙara da cewa ladan dako na jaki ne, a ba shi dusa. Sannan ya ce akwai sauran waɗanda aka zalunta a shari'ar nan ba a ba su haƙuri ba, suna can kan tudu, rabin gabas.

Aka kai geron gidan Ɗangana. A'i ta hau tsani, ana miƙa mata tana jerawa, mu muna ƙasa muna jira. Da dami na ƙarshe ya shiga ta daɗe a ciki. Sai ta fito da kai, fuska duk ƙaiƙayi.

"Ya rufe zanen," ta ce. "Har da ɗan yatsa biyu."

Ɗangana ya zauna a kan turmi. Bai gode mini ba, ni ma ban jira ba. Ya dai ce jakina yana da hali mai kyau, ya fi mai shi.

Bai yanke karan gonarsa ya kai gida ba a shekarar. Ya kwantar da shi a rabin gabas, ya bi shi da ɗan takin da ya samu, ya wanke pompon nan sau bakwai da toka, ya riƙa cika shi da ruwan rijiya yana yayyafa wa karan don gara ta ji danshi ta dawo. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa. Na taɓa matsawa na ji yana ce musu abin da ya wuce ya wuce, aiki ne ya haɗa su, shi ma sa shi aka yi. Amma ya gargaɗe su, iyakarsu gona, duk wadda ya kama a ƙyauren ɗakinsa ruwanta.

Wata safiya ina gyaran shinge na hango Mubaraka ta hawo tudu da ƙwaryar fura a ka. Ta tsaya a bakin gona, don an hana ta taka ramuka. Ɗangana yana can tsakiya ya ba ta baya, yana ta feshin ruwansa.

"Baba," ta kira. "Ga hura."

Na ga hannunsa ya tsaya a kan pompon. Bai juyo ba.

"Baba, inna ta ce ka sha tun ba ta tsinke ba."

Ya ci gaba da fesa wa wuri ɗaya ruwa har ya yi taɓo. Na buɗe baki zan ce masa ya kurumce ne, sai na ga gefen fuskarsa, na yi shiru. Sarai ya ji ta. So yake ta sake faɗa, ta kuwa faɗa har sau huɗu kafin ya juyo.